Gorar Zamzam a Ɗakin Gwaji

Sati shida na yi ina renon ƙwayoyin garkuwar jiki da muka ciro daga jinin wani mai ciwon daji. Mun gyara musu halitta don su gane cutar su kashe ta, na ajiye su a na'urar da ke riƙe su da ɗumi irin na jikin mutum. A ƙasanta akwai faranti da ba a zuba masa komai sai ruwan da aka tsabtace na musamman.

Ran Lahadi na buɗe, na tarar fumfuna ta cinye komai. Halas, shi ke nan.

Mai sharar ɗakin, wata dattijuwa Bahaushiya da ke zuwa tun daga unguwar Kurayyat a nan ƙasar Larabawa, ita ta faɗa min abin da ya faru da bakinta. Ta ji an ce maganin daji muke nema, shi ne ta tsiyaya zamzam a farantin don albarka. Ba zamzam ɗin ne ya yi ɓarnar ba, dattin gorarta ne.

"Inna, wa ya aike ki?" Na yi ta zazzaga mata masifa har mudir, shugaban wurin, ya fito. Kafin la'asar kamfanin shara ya ɗauke ta daga aikin.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekara uku tana goge na'urar nan, gargaɗin da ke jikinta da Turanci da Larabci ne, ba ta iya karanta ko ɗaya. Ni kaɗai ke jin Hausa a wurin, amma ban taɓa fassara mata shi ba. Kullum ta gaishe ni, da Larabci nake amsawa don kada abokan aiki su san asalina. Ban taɓa yi mata Hausa ba sai ranar da na tashi ci mata mutunci.