Shekarar da Girar Yayata Ta Zube

Sau ɗaya tak Yayata ta taɓa dafa Alƙur'ani don rantsuwa, a gaban alƙali a Isa, kuma a kan gona ne. Ƙarshen zamanin Nasara ne, ana ta cewa za su tafi amma ba su tafi ba tukuna. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya mata biyu ƙanana, da wata 'yar gona a fadama wadda ya ba ta tun yana da rai, a madadin saniyarta da ya sayar shekarar da hatsi ya ƙi. Ko takaba ba ta gama ba ƙanen mijin ya tashi ya ce gonar ta gidansu ce, aro anka yi mata. Mutumin nan ban taɓa ganin hauya a kafaɗarsa ba. Aikinsa zama gindin cediya da tsinken sakace, ya san abin da kowa ya ci jiya. Shaidar Yaya mutum ɗaya ne, wani tsoho, sai alƙali ya ce ta cika da rantsuwa. Ta yi alwala, ta dafa, ta rantse, anka bar mata gonarta.

Damina biyu bayan haka wani kumburi ya fito mata a wuya, wani a hammata. Anka yi ƙaho, anka yi sakiya, ta sha sassaƙe har harshenta ya daina jin ɗaci, abu sai ƙaruwa. Babban wanmu, wanda ke fataucin shanu yana zaune can Kurmi, shi ya zo ya ɗauke ta, mota zuwa Ƙaura, daga nan jirgin ƙasa. A wani babban asibiti anka ce ciwon daji ne, anka riƙa ɗura mata magani ta jijiyar hannu. Ɗiyanta suna wurina a Sabon Birni. Ni kuwa ko biki ba na son zuwa in ya wuce unguwarmu, amma da labari ya zo ta dawo, na kwashe yaran munka bi 'yan kasuwa zuwa Isa.

Na tarar da ita zaune a ɗaki, kumburin ya sace ƙwarai, sai dai ta rame. Da ta zame lulluɓi na rasa abin da ya sake a fuskarta, na yi ta kallo kamar wawiya. Kai dai na san ba gashi, ɗankwali ya rufe. Ashe gira ce babu, ko ƙwaya ɗaya, gashin ido ma babu. Tsagen Gobir kaɗai ya rage a fuskar, ya fito ɓaro-ɓaro kamar zanen ƙwarya.

Ta ce, "Auta, in kin gama kallo ki biya ni, ba kyauta nike nunawa ba."

Na ce, "Yaya, ina kika baro girarki?"

Ta ce, "Na ba Nasara jingina. Ya ce maganin ne ke cinye ta, in an bar allura za ta dawo."

Munka yi dariya har ta sarƙe. Ta nuna mini wata takarda a cikin gwangwanin shayi. Likita ya ce bayan wata uku lalle ta koma a ƙara mata, don ciwon kwanciya ya yi, bai mutu ba.

Ban san amfanin gashin ido ba sai a kanta. Bazara ce, zufa na gangarowa daga goshi kai tsaye cikin ido, ƙuda ya sauka ba mai korarsa, ko ɗan tsaki ya tashi daga turmi sai idonta. Kullum idon jawur, yana hawaye.

Sai 'yan gaisuwa sunka fara zuwa. Ni Allah ya ba ni kunne, in mace ta yi raɗa a zaure ina ji daga madafa. Rana ta farko sannu ce da addu'a. Rana ta biyu na ga suna gaishe ta amma idonsu na kan yatsunta. Wata maƙwabciya, wadda Yaya ta karɓi haihuwar ɗanta da hannunta, na miƙa mata ruwan randa ta ce ta ƙoshi. Wa ke ƙoshi da ruwa a bazarar Isa? Da sunka fita na ji tana ce wa 'yar'uwarta, "Kin ga ko? Da gira takan fara. Alƙur'ani ba ya barin bashi." Ɗayar ta ce, "Ga ta nan sai kuka, nadama ce."

Nan na gane. Mutanenmu sun haddace cewa wanda ya rantse a kan ƙarya kuturta ke kama shi, kuturta kuwa gira take fara ci. Iyakar karatunsu ke nan, kuma sun ga baƙi sun haɗa. Ba wadda ta tambayi Yaya abin da anka yi mata a asibiti. Wadda ba ta taɓa wuce kasuwar Shinkafi ba, ita ce ke fassara ciwon da Nasara ya duba da madubi.

Ni ma na yi tawa wautar. Na samo katambiri na zana mata gira, siririya, har ta yi kyau. Kafin azahar zufa ta kwararo da shi, baƙi har kumatu, kuma a haka wasu mata sunka shigo. Kafin la'asar gari ya ɗauka: mai gaskiya ba ta ɓoyo.

Bayan kwana kaɗan ƙanen mijin ya zo da dattawa biyu. Ya tsaya nesa da tabarma, ya tattare rigarsa kamar mai ƙetare ruwa.

Ya ce, "Matar Yaya, ni ba gona ta kawo ni ba, tausayinki ne. Ki maido da abin mutane ko Allah ya sassauta miki tun yatsu ba su fara ba."

Ta ce, "Mutane su wa?"

Ya ce, "Kin sani."

Na ce, "Malam, in an ba ka gonar wa za ya nome ta? Ko cediya za ka kai can?"

Ɗaya dattijon ya ce in yi shiru, maganar manya ce. Manyan da ke tsoron zama kan tabarmar mara lafiya.

Yaya ta ce a tafi ɗakin magani. Washegari da hantsi munka tafi, su ma sunka biyo. Malamin asibitin ya sa ta rufe ido, ya riƙa taɓa ta da auduga a hannu da baya da ƙafa, ko'ina ta ce ta ji. Ya duba fatarta bai ga tabo ba. Ya karanta takardar gwangwani, ya ce wannan ba kuturta ba ce, aikin magani ne. Na ce to, an gama. Muna fita ƙanen mijin ya ce wa dattawan, "Auduga ta san kuturtar rantsuwa? Wagga ba irin ta asibiti ba ce." Sunka gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Daga ƙarshe a zauren mai unguwa anka yanke magana. Kowa ya san girar kuturu in ta tafi ba ta dawowa. To a jira har kaka. In girar ta fito, ƙanen miji ya kama bakinsa har abada. In ba ta fito ba, ta bar gonar da kanta, ba sai an koma gaban alƙali ba. Sunka tashi suna yaba wa kansu adalci.

Ruwan farko ya sauka, munka yi shuka ni da ita da yaran, don ba wanda za ya zo mata gayya. A makon ne na ga wani abu kamar ƙurar gero a saman idonta. Na ja ta bakin ƙofa wurin haske, na shafa da ɗan yatsa. Gashi ne, laushi kamar na jinjiri. A makon kuma saƙon wanmu ya iso ta hannun wani direba: wata uku sun cika, ta taho, za ya tarye ta a tashar jirgi.

Ina tankaɗe tana zaune kan turmi, na ce, "Yaya, yaushe za a kama hanya?"

Ta ce, "Ba ni zuwa."

Na ce, "Likita ya ce ciwon kwanciya ya yi."

Ta ce, "Na ji, ba kurma ba ce ni. In na koma anka sa min allurar nan, wanga ɗan gashi za ya zube. Kaka ta zo ta same ni kwal. Mi za ni ce musu?"

Na ce, "Ki bar musu gonar mana. Gero nawa take ba ki?"

Ta ce, "In na bar ta na amsa ke nan. Yaran ga za su tashi ɗiyan wadda Alƙur'ani ya ci. Wa za ya ci tuwon hannunsu? Kuma mi za su ci su kansu?"

Na yi kuka, na yi faɗa, na ce bayan kaka fa? Ta ce bayan kaka za ta tafi in Allah ya so. Na aika wa wanmu ya zo da kansa, amma yana can da garke a hanya, saƙon bai same shi da wuri ba.

Gira ta yi ta fitowa, kumburin ma ya yi ta fitowa, kamar suna tsere. Lokacin da gero ya fid da kai girarta ta cika, ta fi ta da baƙi, gashin ido ya dawo har tana sa kwalli. Wuyan kuwa ya kai sai ta karkata kai take haɗiyar kunu. Ranar kasuwa ta sa na shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida, ta naɗe wuyan da mayafi, ta bar fuskar a buɗe. Duk mai wucewa sai ya rage tafiya. Dattawan nan biyu sunka zo, sunka duƙa sunka leƙa fuskarta kamar masu sayen akuya, ɗaya ya ce, "To, Alhamdu lillahi, dama mu ba mu ce komai ba." Ƙanen mijin bai zo ba, wai ciwon ciki.

Anka yanke gero, anka kai rumbu. Sa'ad da wanmu ya iso da niyyar tafiya da ita, ko zama a mota ba ta iyawa. Ta rasu bayan kwana tara da zuwansa, da rana, kanta a kan cinyata. Gonar tana hannun ɗiyanta har yau, ba wanda ya sake ɗaga maganar.

Ranar sadakar uku gidan ya cika maƙil. Matan unguwa sunka zauna suna ta ba juna labarin gaskiyarta, kowace ta ce ita tun farko ba ta yarda da zancen ba. Sai maƙwabciyar nan ta matso kusa da ni, ta dafa gwiwata, ta sassauta murya ta ce, "Ni abin da ban gane ba, Auta, mi ya hana ta komawa asibitin? An ce fa an kira ta. Wasu mutane da sakaci da ransu."

Na dube ta. Na ɗauke hannunta daga gwiwata na ajiye mata a kan tata, na tashi na tafi duba tukunya.