Sunan Dauda a Bakin Inna

Ranar tunawa da matattu, biyu ga Nuwamba, a shekarar da soja suka sa mutane bin layin sabulu da madara, Inna ta riƙe hannuna muka ratsa gonar dawa zuwa kabarin Baba a bayan cocinmu ta Janfalan. Ƙanena Dauda yana goye a bayanta, ƙyanda ta feso masa, jikinsa kamar garwashi. Ta durƙusa ta cire ƙaiƙayin da ya rufe gicciyen kabarin, ta yi magana da Baba yadda ta saba idan ya dawo daga gona. "Maigida, kai ne kusa da Ubangiji yanzu. Ka roƙa mana, yaronka ba ya cin abinci."

Haka muka tashi a gidanmu. Da yamma, bayan na ɗaure awaki na wanke tukwane, sai mu zauna a tabarma da carbin rosari, Inna tana kiran Maryamu Mai Tsarki da Waliyyi Yusufu, mu amsa da "ku yi mana addu'a", daga ƙarshe ta ƙara da Baba da Kaka. Katikis, malamin da ke koyar da addini a cocinmu, ya koya mana cewa su ba sa bayarwa, roƙo suke taya mu. Ni dai na ɗauka wanda ke da uba a sama ba zai rasa ba.

Washegarin zuwanmu kabarin, maƙwabcinmu Malam Sale ya ɗauki Inna da Dauda a keke zuwa asibitin Ikara. Malamin asibitin ya buɗe musu kabad su gani da idonsu: babu allura, babu ƙwaya, sai auduga. Dauda bai ga yankan dawa ba. Aka haƙa masa wuri kusa da Baba, ƙarami kamar ramin shuka rogo.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo bayan makoki. Muna addu'ar yamma, Inna ta gama da Kaka, sai na ji ta ce, "Dauda, ka yi mana addu'a." Yaron da aka yi ta roƙo dominsa ba a samu ba, yau shi ake roƙo. Na kame bakina. Ba ta tsawata mini ba, ta amsa wa kanta da muryar da ta dushe.

Yanzu kowane lungu na Ikara da kantin magani, jikokina ma har gida ake bi a yi musu rigakafi. Inna ta daɗe da bin su Dauda. Nakan kira sunanta da yamma, amma har yau ban iya roƙon kowa ba tare da fushi ba.