Kwalbar da ban saya wa Baba Tom ba

Jiya na fi minti ashirin tsaye gaban kantar wuski a wani shago a Old Kent Road, ina huci. Ni da ko warin giya ba na so!

A wurin aikinmu duk Kirsimeti ana ƙuri'a, wanda ka zaro sunansa ka yi masa kyauta a ɓoye. Na zaro Baba Tom, dattijon Baturen da ke riƙe min aiki duk Juma'a in tafi masallaci. Kowa ya ce wuski ake ba shi, haka aka saba. In saya in saɓa wa Allah, in ƙi in ci fuskar mutumin kirki.

Haushi ya sa na karya dokar, na kira shi.

"Baba, ni na zaro ka, kuma wallahi ba zan sayi abin nan ba. Ka yi fushi in ka ga dama."

Sai ya ce, "Yaro, shekara huɗu rabona da giya. Kullum sai su miƙo min kwalba, in yi sati ina kokawa da kaina kafin in zubar. Bana ka hutar da ni."

Kilishi na saya masa, mai yaji.

Ku fa, wa kuke ta ba abin da "aka saba", ba ku taɓa tambayarsa ba?