Garwashin Hassu da na Tabawa

Na girma a wani ƙauye kusa da Urafan, tun kafin Nasara su shigo ƙasar Tasawa. Bayan girbi, in an gama cin tuwo, mukan kewaye kakarmu Iya Dela a bakin murhu, tana kaɗa auduga tana ba mu labari. Ba ta cika son na gizo ba. Na mutane take bayarwa, kuma ba ta faɗin wanda ke da gaskiya.

Akwai wanda ta sha maimaita mana. Wai wasu maƙwabta biyu, Hassu da Tabawa, rana ɗaya suka sauke tukunya suka tafi rijiya, kowacce ta bar garwashi ba ta rufe da toka ba. Iska ta taso. Na Hassu ya mutu a murhu. Na Tabawa ya kama dangar kara, wuta ta ci rumbu bakwai, ta ci wani tsoho makaho da ya kasa fita daga bukkarsa.

Maigari ya tara dattawa, aka yanke a kori Tabawa daga gari. Sai Hassu ta zo ta durƙusa, ta ce, "Ranka shi daɗe, ni ma haka na bar tawa wutar. In don sakaci ne, mu biyu muka yi shi."

Maigari ya ce, "Taki ba ta ci kowa ba. Tashi ki tahi gida."

Yayata Indo ta taɓa tambaya, "Iya, to laihin wa ne, Tabawa ko iska?"

Iya ta ce, "Iska ba ta da ɗaki balle a kore ta, ɗiyata. Wanda hannu ya kai gare shi, shi ake kamawa."

Bayan na yi aure a Mayahi, maƙwabciyata Rabi ta bar ɗanta mai rarrafe ta fita aron turmi, ya faɗa kwatarniyar ruwa ya rasu. Mijinta ya sake ta, matan unguwa suka daina amsa gaisuwarta. Ni kuwa sau nawa na bar nawa 'ya'yan haka, na dawo na iske su suna wasa. Na san wannan sarai. Sai da na tsufa na gane ba don ta fi mu sakaci muka juya mata baya ba, sai don kowaccenmu ta samu ta gaya wa kanta ita ba irin Rabi ba ce.

Ranar da ta ɗauko kayanta za ta koma gidan iyayenta, ta tsaya ƙofarmu ta yi mini sallama. Ina daka gero, ban ɗaga kai ba.