Hawainiya a Dutsen Wankin Kalwa

Wutar da Kaka take mana tatsuniya a gefenta ba don mu ake hura ta ba, ta dafa kalwa ce. Daddawa take yi. Tukunya na tafasa tun la'asar, mu kuma bayan magariba mu kewaye murhu. Lokacin ko Jihar Neja ba a yi ba. Bakambariya ce daga wajen Sahon Rami, Hausarta ba ta raba mace da namiji, mu yi ta ƙyaƙyatawa, ta ɗaga mana muciya.

"Ga ta nan, mai dariya ya ba mu wuri," in ji ta. Sai ta kawo ta Hawainiya, wadda ta zo bakin rafi ta roƙi kwaɗi wurin zama. "Ya ce, ni ba zan dame ku ba, ko ganina ba za ku yi ba." Ta hau ganye ta zama ganye, ta hau dutse ta zama dutse. Kwaɗi na yabon kunyarta, ita kuwa tana lashe musu ƙwari da dogon harshe, har yunwa ta tashe su. Ƙanwata Talatu ta fashe da kuka: "Kaka, ina suka koma?" Kaka ta tura itace ta ce, "Wa ya tambaya?"

Talatu ce ta gaji tukunyar. Har yau a faffaɗan dutsen nan na bakin rafin Kontagora take wanke kalwa, da ita take ci.

Kwanan baya ɗana Sani, mai zanen gine-gine, ya shimfiɗa mini zanen wurin shaƙatawa da za a gina a wurin. Ɗakuna da jinka, bango launin ƙasa, ko ɗorawa ɗaya ba za a sare ba.

"Mama, daga nesa ba za ki ce gini ba ne."

"Dutsen fa?"

"Yana nan, baƙi za su zauna a kai su sha iska."

"Innarka Talatu ta ina za ta bi?"

Ya sosa ƙeya. Wai warin kalwa zai kori baƙi, za a yi shinge, amma a lulluɓe da ganye, ba mai lura.

Raina ya ɓaci ƙwarai. An yi wa bishiya kara, an yi wa dutse kara, matar da ta goya shi ce ba ta dace da wurin ba! Da ina yarinya na ɗauka laifin Hawainiya cin ƙwari ne. Ashe iya sajewarta ce ta hana kowa yin ihu.

Na naɗe masa takardarsa na ce, "Je ka zana mata hanya. Kwaɗin Kaka ba wanda ya tambayi inda suka koma. Ni ina tambaya."