Harbin da Ba na Cikin Tele Ba

Ranar Talata ce. Na buɗe ɗakin wasa da ƙarfe bakwai da rabi, kamar kullum. Na share rairayin da ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Na goge tele biyu da tsumma. Na warware igiyoyin manet, abin da ake riƙewa a hannu ana latsawa. Ba a ɗauke wuta ba, har na ce yau da sa'a na tashi.

Ɗakin yana bakin unguwar Kara-Kara, jikin gidan da nake zaune da matata Barira da 'yarmu Nana, mai shekara biyu. Damina ta biyu ke nan da ta ƙi mu. Gero ya bushe a tsaye kafin ya fid da kai. Mutanen karkara sun cika Damagaram suna neman abin yi. Yayana Sanusi yana cikinsu. Ya bar matarsa Haua da Innarmu a Tirmini, ya zo yana fasa dutse a kan tudu, yana kwana a zaurenmu.

Tele ɗaya ta ƙwallo ce, ɗaya ta wasan harbi. A wasan harbi ba ka ganin kanka. Hannunka kawai kake gani da bakin bindiga, kana bin lungu-lungu a wani gari da ba ka san sunansa ba.

Ba zan ɓoye ba, ina son wasan nan. A shekarar ba abin da ke hannun mutum. Ka ɗaga kai, ba hadari. Ka je pampo, ba ruwa. Ka je kasuwa, tiyar gero ta fi ƙarfinka. A cikin tele kuwa in ka latsa, sai abu ya faru. In an kashe ka, ka ƙirga uku ka tashi. Yunwa ma takan manta da kai na awa guda.

Abokina Ari, mai gyaran moto, wato babur, shi ne gwanin unguwa. Yakan ce ba kisan yake so ba. In yana ciki kansa yana yin shiru, kuma yana jin daɗin a ce wani yana tsare masa baya shi ma yana tsare wa wani.

Yaya Sanusi ƙwallo yake bugawa, kuma bai iya ba. Da an kunna harbi sai ya ɗauki kofin shayinsa ya fita waje. Ya taɓa yin karen mota a hanyar arewa, kuma wata rana sun iske motar da 'yan fashi suka tare. Bai taɓa ba mu labarin ba. Sau ɗaya kawai ya tsaya a bayana yana kallo, ya ce, "Mutari, mutum ba ya faɗuwa haka. Yana daɗewa."

Muka yi dariya. Ari ya ce tsufa ne ya kama shi da wuri.

Rigimar a kan ruwa ta fara. Pampo guda ne ya rage yana kawowa a ɓangarenmu. Samarin tudu suka ce su za su tsara layi. Samarin gangare suka ce a ƙofarsu pampon yake. Sati biyu ana zage-zage. Ranar Litinin da la'asar aka soki wani ɗan tudu da wuƙa. Kafin magariba muka ji ya cika a hanyar likita. Duka ɓangarorin biyu suna wasa a ɗakina. Na ɗauka wannan zai tsare ni.

Da safiyar Talatar bidodi, jarkokin ruwa, suna jere a pampo, rawaya, har kwanar masallaci. Ba mace ko ɗaya a kusa da su. Mai ƙosai ba ta fito ba. Ban ji kabu-kabu ko guda ya wuce ba. Na ga duk wannan, na ci gaba da goge benci.

Ƙarfe takwas da rabi Yaya Sanusi ya dawo da gudumarsa a kafaɗa. Ya ce ba kowa a wurin fasa dutse. Ya ce in rufe. Na ce sai azahar.

Ƙarfe tara Ari ya zo. Bayansa samari huɗu na gangare suka shigo, suka zauna a bencin ƙurya. Ba su nemi manet ba. Ɗayansu yana ta duban ƙofa. Sai daga baya na gane ɓuya suka zo yi. Ni da Ari muka kunna wasan harbi, na ƙara murya don shirun ya dame ni.

Goma saura ashirin, Yaya Sanusi ya shigo da sauri.

"Rage muryar nan!"

Ari ya tsayar da wasan. Sojan cikin tele ya daskare da ƙafa ɗaya a sama. Ɗakin ya yi tsit.

Sai ƙarar ta sake zuwa. Tas. Ƙarama ce. Ba ta kai rabin ta tele ba. Kamar an karya busasshen kara a bayan katanga. Da ni kaɗai ne da ban waiwaya ba.

Tas. Tas.

Daga nan motoci masu ƙafa biyu, da yawa, suna gangarowa tare. Wani ya busa usur. Ana jan ƙarfe a ƙasa. Wata mace ta yi ihu sau ɗaya ta yi shiru.

"Suna ciki!"

"Ku zagaye!"

"Kawo esans!"

Samarin huɗu suka bi ta ƙofar cikin gida, suka haura katanga. Ni ina zaune. Manet yana hannuna. Shekara uku ina koyon inda ake ɓuya da inda ake leƙawa, amma ƙafafuna suka ƙi tashi. Na ji ɗumi yana bin cinyata. Ban san fitsari ba ne sai da na ga ƙasa ta jiƙe.

Yaya Sanusi ya mare ni.

"Ɗauki Nana! Ku bi ta baya!"

Ƙofar ɗakin ta ƙarfe ce, ba ta da sakata ta ciki. Daga waje nake sa mata kwado. Ya tura ta, ya jingina benci, ya sa kafaɗarsa. Aka buga daga waje, ƙofar ta motsa, ya mayar da ita.

"Yaya, taho!"

"Ina zuwa. Ku haura tukuna."

Ari ya ja ni ta wuyan riga.

Barira tana tsakar gida tana dama kunu. Ta ɗaga Nana ta goya da zanen da ke kusa. Takalmi ɗaya ta samu. Ari ya duƙa, ta taka bayansa ta haura. Na miƙa ƙafa a kan katanga. A lokacin na ji harbi biyu a jere, kusa sosai, da ƙarar ƙarfe kamar an jefi tasa da dutse. Warin esans, wato fetur, ya taso. Ban waiwaya ba. Na dira.

Ƙarfe goma ke nan.

Ari ne a gaba. Yana tsayawa a kowace kwana, ya leƙa da ido ɗaya, ya yafito mu.

"Jikin bango!"

"Ku duƙa!"

"Yanzu!"

A lungu na uku muka iske Malam Idi, mai gyaran takalma. Yana zaune ya jingina da bango, hannayensa biyu a kan ciki. Jinin baƙi ne, ba ja ba. Idonsa a buɗe. Yana kiran sunan wata Hajo a hankali, kamar tana ɗaki na kusa. Ya gan ni, ya gane ni. Ya ce in ba shi ruwa. Ba ni da ruwa. Muka tsallake ƙafafunsa muka wuce. Har muka kai ƙarshen lungun ina jin muryarsa.

Goma da rabi muka fita daga gidaje, muka hau duwatsu. Daga nan ana ganin unguwa. Hayaƙi uku ne. Na tsakiya namu ne. Mutane suna fitowa ta ko'ina, mata da tabarmi, wani tsoho da akuya a kafaɗa.

Muka jira Yaya Sanusi a bayan wani dutse. Minti goma. Ashirin. Harbi ya matso.

Ari ya ce, "Ku wuce Tirmini. Ni zan koma in duba shi."

Na so in ce ni ya kamata in koma. Amma na zauna inda nake. Ya gangara, yana bin inuwar duwatsu, har na daina ganinsa.

Ba mu bi gudron, titin kwalta, ba. An ce sun tare shi, ban san ko gaskiya ne ba. Muka yanki gonaki muka nufi yamma. Gonakin fari fat, ba ko kara, an tumɓuke an ba dabbobi. Muka wuce gawar saniya, fata da ƙashi, bakinta cike da rairayi. Muka wuce ta biyu. Daga nan na daina dubawa.

Rana ta tsaya a ka. Rairayi yana ƙona ƙafar Barira wadda ba takalmi. Na ba ta nawa, ya yi mata yawa yana fita. Na yage hannun rigata na ɗaure mata shi. Nana ta yi kuka tun daga gari. Wajen ƙarfe goma sha biyu ta daina. Barira tana ta girgiza ta tana kiran sunanta don ta sake yi.

Ina tafiya na lura da babban yatsana na dama. Yana ta latsa gefen ɗan'uwansa, shi kaɗai, ba tsayawa. Na sa hannun a aljihu. Bai daina ba.

Ƙarfe biyu muka kai wata rijiya. Makiyaya ne a kanta, igiyarsu doguwa, ruwan da ke fitowa rabinsa laka. Wata tsohuwa ta dubi Nana, ta karɓe ta daga bayan Barira. Ta tace ruwan da bakin mayafinta, ta ɗiga mata a baki kaɗan-kaɗan. Nana ta yi tari, ta fasa kuka. Barira ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Da la'asar wani mai amalanken jaki ya ɗauki Barira da yarinyar. Ni na bi su a ƙasa ba takalmi. Duk moton da na ji daga nesa sai in faɗa bayan ƙaya. Mai amalanken yakan tsaya ya jira ni.

Rana tana gab da faɗuwa muka shiga Tirmini. Inna tana ƙofar gida tana tsince wake. Ta dube mu, ta dubi bayanmu. Haua ta fito da muciya a hannu.

Inna ta ce, "Ina yayanka?"

Na ce, "Yana zuwa."

Laraba bai zo ba. Alhamis da hantsi muka ji moto. Ari ne, shi kaɗai. Ya kashe moton tun daga nesa, ya turo shi da hannu. Haua ta ga haka ta koma ɗaki.

Ari ya ce harsashi ne ya huda ƙofar ya sami Yaya Sanusi a ƙirji ta dama. Maƙwabta sun ja shi waje kafin wuta ta ci rufin. Ari ya same shi a zauren wani gida, da ransa. Ba motar da za ta shigo unguwar. Ya kai har azahar. Sau uku yana tambaya ko mun haura. An binne shi ranar Talatar da yamma, tare da Malam Idi da wasu mutum biyu. Samarin huɗu ba abin da ya same su.

Bayan sati uku na koma gari. Ɗakin ba rufi. Tele biyun sun narke sun haɗe da ƙasa. Ƙofar tana nan a jingine, da huda biyu. Ƙaramin yatsana ya shiga ɗaya daidai.

Na nemi Ari a garejinsa, aka ce in duba wani ɗakin wasa kusa da tasha. A can na same shi, gaban tele, yana wasan harbi. An ce kullum yana nan tun safe. Ya rame. Ya matsa mini a benci, ya miƙo manet. Na karɓa. Hannuna bai manta komai ba. Wani ya ɓullo daga kwana, na latsa, ya faɗi nan take, ya ɓace. Na fita na yi amai a bakin kwata.

Ari ya biyo ni da ruwa a buta. Ya ce, "Ni in ban yi ba, kaina ba ya yin shiru. A nan kaɗai nake kaiwa kafin masu harbi su kai."

Ban ga laifinsa ba. Har yau muna gaisawa, har yau yana yi. Ni ko wucewa nake na ji ƙarar daga wani ɗaki, sai in tsallaka hanya.

Ruwa ya sauka a ƙarshen wata na biyu bayan haka. Gonar Yaya Sanusi ba mai shuka ta sai ni. Haua ta fito da irin da ya ɓoye a tulu tun bara, wanda ko a tsananin yunwa bai bari an taɓa ba. Ya auna shi daidai gonarsa. Na ɗauki sungumi ina sara, tana bina da ƙwarya tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Sau da yawa takan kai hannu inda ba rami, sai ta dawo da shi baya.

Wajen azahar ta ce, "Takunka bai kai nasa ba."

Ramukana sun yi kusa da juna, sun ci iri. Ƙwaryar ta ƙare saura layi bakwai a gabas. Muka tsaya muka dube su. Haua ta kife ƙwaryar a ka, muka koma gida. Layi bakwai ɗin haka suka zauna har kaka.