Yaya da Kundin Wasan Yaƙi

Yayana mai gyaran fanka da dutsen guga ne, kuma tunda na yi wayo ban taɓa jin ya ce wa ɗan Adam "ya ake yin kaza?" ba. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne, ƙaurin ƙonanniyar waya ya kama bango, ga fankoki rataye babu fukafukai. In aka kawo masa sabuwar na'ura, takardar bayanin da ke cikin kwali yake fara nema. Ya ɗora tabarau a karan hanci ya karanta har adireshin kamfani, mai kaya na tsaye yana sharce gumi. Shi ya sa maƙwabta suke ce masa Malam Bari-in-duba.

Ɗa ɗaya gare shi, ma'aikacin jinya a wani gari mai nisa. Tun da uwar yaron ta rasu, hirarsu a waya ta koma "Lafiya?" "Lafiya lau." "Ya aiki?" "Da godiya." Sai kowa ya kashe. Suna son juna, wallahi na shaida, amma magana ta ƙi su.

Ɗan ne ya nemi mafita. Ya aiko wa ubansa kwamfutar hannu da wani wasan dabarun yaƙi a ciki, irin wanda za ka gina gari, ka yi noma, ka tara sojoji, sannan ka kara da wani ko yana wata duniya. Ya kira ni ya ce, "Gwaggo, so nake in samu abu ɗaya da zan koya wa Baba. Ko zai kira ni ya ce ya kasa gane wani wuri, mu ɗan jima muna magana."

Kaico! Ashe a kusurwar wasan akwai wani ɗan maɓalli mai hoton littafi. Kana taɓawa kundi ya buɗe: kowane soja da ƙarfinsa, kowane gini da itacen da yake ci. Telan da ke jikin shagon Yaya ma yana wannan wasa, amma shi sai an fara lallasa shi yake buɗe kundin, ya leƙa ya ga wa ke maganin masu mashi, ya rufe ya koma fagen fama. Wani direban tasi kuwa bai ma san da shi ba, abokansa yake tambaya, su yi ta musu suna dariya. Yaya shi kaɗai ya ɗauko daga shafin farko kamar mai shirin jarrabawa.

Ɗan ya kira: "Baba, mu gwada yau?"

"Ban gama babin jiragen ruwa ba."

"Ai zan nuna maka."

"A rubuce yake, me zai sa in ɓata maka lokaci?"

Ina zaune a bencin shago na ji wannan, raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Yaya! Lokacin nan shi yake roƙo ka ɓata masa. Ka tambaye shi ko da abin da ka sani ne mana!" Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce uba ba ya zuwa gaban ɗansa da jahilci. Na ce to Allah Ya kyauta, na ja jakata. Masu ƙirƙirar wasan ma suka yi ta sabunta kundin, yau su ƙara wa maharba ƙarfi, gobe su rage, shi kuma ya koma baya ya sake bita. Fankokin mutane suka yi ƙura, kiran yaron ya yi ta ja da baya.

Ranar da ya shirya, da yammacin wata ranar hutu, har sabuwar riga ya sa. Suka haɗu a wasan, waya a kunne. Yaron sai murna yake yana cewa, "Baba, fara tura manoma gona, kada ka ji tsoro." Ina gefe da kofin shayi ina kallo. Kafin shayina ya huce ya zagaye garin yaron, ya ƙone rumbuna, ya rushe ganuwa. Ko gida ɗaya bai bari a tsaye ba.

"Kai, Baba, ka iya! Wa ya koya maka?"

"Ba kowa," in ji Yaya, yana washe baki. "Komai yana ciki."

Yaron ya ce, "Haka ne. To Baba, ana kirana, sai an jima."

Bai sake gayyatarsa ba. Sun koma "Lafiya?" "Lafiya lau," har ma hirar ta fi ta da gajarta. Kwanan baya na tarar da Yaya ya tasa kwamfutar a gaba, yana kallon sunan ɗansa da ya dushe a jerin abokan wasa, alamar ya daina shiga. Ya ce mini, "Haushin kayen nan yake ji. In ya dawo zan bari ya ci ni, na ma karanta yadda zan yi ba zai gane ba."